Maraya Da Ɗan Yawon Duniya: Labarin Wani Majigi Na Ƙasar Suwidin

Ƙasar Suwidin tana can ƙuryar arewacin Turai, tsakanin Norwe da Finlan. Ƙasa ce ta dazuzzuka da tafkuna, sanyinta kuwa yakan daskarar da ruwa har mutum ya ƙetare kogi da ƙafa. A zamanin nan sunanta ya fita cikin ƙasashe mawadata, har wanda ya ji labarinta yakan zaci tun asali haka take. Alhali kuwa shekara ɗari da 'yan kai da suka shige, fatara ta kai mutanenta ga yin gwanjon marayu a bainar jama'a. Mutanen ƙasar ba su ɓoye halin wancan zamani ba, sun zuba shi cikin littattafai da majigi. Daga cikin majigin da suka fi ƙauna akwai wanda ake kira da harshensu Rasmus på luffen, watau Rasmus ya shiga yawon duniya. Ƙissa ce ta wani yaro maraya mai neman attajirin da zai ɗauke shi ɗa, da wani fakiri da ya gamu da shi a hanya. Mas'alar da ta ɗauko kuwa ta manya ce: in an zo zaɓen mutum, wa ke da ikon zaɓe, kuma me ake dubawa?

Fasali na farko: Masu labarin

Wadda ta ƙago ƙissar sunanta Astrid Lindgren. An haife ta ran 14 ga Nuwamba 1907 a wata gona da ake kira Näs, kusa da garin Vimmerby a lardin Småland, ta rasu a Sitokhom, babban birnin ƙasar, ran 28 ga Janairu 2002. Ubanta manomi ne mai hayar gonar limamin majami'ar garin. Tun tana ƙarama ta saba ganin 'yan yawon duniya suna tsayawa ƙofar gidansu da almuru, suna roƙon abin sawa a baka da izinin kwana a ɗakin da ake tara ingiricin dabbobi. Bayan wannan kuma, a shekarar 1926, tana da shekara 19, ta haifi ɗa a birnin Kopenhagen na ƙasar Danmak, ba ta da halin riƙonsa, sai ta bar shi hannun wata mai riƙo har shekara uku, tana zuwa ganinsa in ta tara kuɗin jirgi. Saboda haka sa'ad da ta zauna rubuta labarin yaron da ke kwana da begen uwa, ba jita-jita ta rubuta ba.

Sau biyu aka yi majigin. Na farko ya fito a 1955, Rolf Husberg ne ya shirya shi. Littafin ya biyo baya a 1956, shi ne kuma ya jawo wa matar lambar girma ta Hans Christian Andersen a 1958, lambar da ake ba gwanayen rubuta littattafan yara. Na biyu ya fito a watan Disamba 1981, wanda ya shirya shi Olle Hellbom ne, shi ne kuwa aikinsa na ƙarshe, domin ya rasu a 1982. Allan Edwall ne ya fito a matsayin ɗan yawon duniyar, wani yaro Erik Lindgren ya fito a matsayin marayan. Wannan na biyu shi ya fi shahara, shi ne kuma tushen wannan bayani, tare da abin da littafin ya ƙara.

Fasali na biyu: Halin ƙasar a wancan zamani

Labarin ya faru ne wajen shekarar 1910, sa'ad da mutanen Suwidin duka ba su wuce miliyan biyar da rabi ba. Jama'a hawa-hawa take. A can bisa akwai masu manyan filaye da masu masana'antu da manyan 'yan kasuwa. Ƙarƙashinsu akwai manoma masu gonar kansu. Ƙarƙashin waɗannan akwai masu zama a 'yar bukka cikin filin wani, suna biyan haya da ƙwadagon jikinsu. Sa'an nan akwai barorin gona da ake kira statare, waɗanda ake ɗauka da alkawarin shekara guda, yawancin ladansu hatsi ne da madara da itacen wuta, ba su da damar sauya ubangida sai cikin mako na ƙarshe na watan Oktoba. A can ƙasa kuwa sai marayu da tsofaffi marasa galihu da masu yawo bisa hanya.

Doka ma ta san wannan hawa-hawa. A zaɓen majalisar gari ana ƙidaya ƙuri'ar mutum ne gwargwadon dukiyarsa da harajin da yake biya, har attajiri guda yakan jefa ƙuri'a 40 inda talaka yake jefa ɗaya. Wanda ke cin taimakon hukuma kuwa ba shi da ƙuri'a sam. Ƙunci ya sa mutane fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar suka tafi Amurka tsakanin 1850 da 1930, musamman bayan yunwar da aka yi daga 1867 zuwa 1869. Akwai ƙauyukan da suka wayi gari kango.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne gwanjon marayu. Kowane ɗan kasuwa ya san ƙa'idar gwanjo, wanda ya fi kowa tayi shi ke ɗaukar kaya. Wannan gwanjo kuwa a juye yake. Hukumar gunduma ce ke da nauyin ciyar da maraya, ba ta kuwa son kashe kuɗi, sai ta tara manoma, a fito da yaro, kowa ya faɗi nawa za a biya shi ya riƙe shi shekara guda. Wanda ya nemi mafi ƙaranci shi ke tafiya da yaron. Mai karatu ya san abin da zai biyo baya: wanda ya karɓi kuɗi kaɗan, a jikin yaron zai fanshe sauran, da aiki mai yawa da abinci kaɗan. Shi ya sa masu tayi sukan dubi ƙwanjin yaro kamar yadda ake duban ɗan maraƙi. Ba a hana wannan al'ada ba sai da aka kafa sabuwar dokar kula da matalauta a 1918.

Fasali na uku: Ranar zaɓe a gidan marayu

Rasmus, ɗan shekara tara, bai faɗa hannun masu gwanjo ba, a gidan marayu na Västerhaga ya tashi. Shugabar gidan ana kiranta Uwargida Hök, ma'anar sunan kuwa Shaho. Mace ce mai tsanani, tana tafiyar da gidan da kuɗi kaɗan, yaran ne ke noman dankali da kiwon kaji domin a sami na cefane. Duk dukiyar da Rasmus ya taɓa mallaka, bisa ga littafin, ita ce wani kwabo na öre biyar da ya tsinta a ƙasa. Öre ɗari ke yin krona ɗaya, kuɗin ƙasar ke nan. Yana da aboki guda, Gunnar, wanda ya riga shi gane duniya, shi ne yake faɗa masa cewa masu zuwa neman ɗan riƙo ba su son yaro namiji mai miƙaƙƙen gashi, yarinya mai nannaɗaɗɗen gashi suke ɗauka kullum.

Ran nan aka ce wani attajiri da matarsa za su zo su zaɓi ɗa. Rasmus ya ɗaura niyyar ya yi tsabta ya nuna ladabi, amma ranar ta zo masa a karkace. Tun da safe ya watsa ruwa da nufin ya jiƙa Gunnar, ruwan ya sauka a kan Uwargida Hök. Da baƙin suka iso, laimar matar attajirin ta faɗi, shi da wata yarinya Greta suka yi rububin ɗauka, kowa na son a ga hankalinsa, suka ja har laimar ta karye. Da aka tashi zaɓe, Greta mai nannaɗaɗɗen gashi aka ɗauka. Rasmus kuwa abin da ya rage masa shi ne alkawarin bulala.

A nan majigin ya nuna abin da yake nufi ba tare da dogon jawabi ba. Attajirin da matarsa ba azzalumai ba ne, ba su zagi kowa ba, sun zo ne da niyyar alheri. Amma sun shiga tsakanin yaran suna dubawa kamar masu zaɓen yadi a rumfa, yaran kuma sun jeru kowa yana tallan kansa. Mai kuɗi ke dubawa, marar kuɗi ake dubawa. Ko ba a buga ƙararrawar gwanjo ba, ciniki ne aka yi. Da dare ya raba, Rasmus ya sulale ya gudu, da ƙudurin shi da kansa zai nemo mawadatan da za su so shi.

Fasali na huɗu: Oskar na Aljanna

Gajiya da tsoro suka kai shi wani ɗakin ingirici ya kwanta. Da gari ya waye ya tarar ashe ba shi kaɗai ya kwana ciki ba, akwai wani ƙato mai gemu da tsummokara, yana cin karin kumallo. Wannan shi ne Oskar, wanda ke yi wa kansa laƙabi da Oskar na Aljanna. Bai tambayi yaron asalinsa ba kafin ya miƙa masa abinci, bai kuma dubi gashinsa ba. Rasmus ya roƙe shi ya bar shi ya bi shi har ya sami masu ɗaukarsa, Oskar ya yi ta nawa, daga baya ya yarda.

Nawar da ya yi tana da dalili. Tun 1885 akwai dokar hana yawon banza a Suwidin. Wanda aka kama yana yawo gari-gari ba shi da abin hannu, ba ya kuma neman aiki, da farko gargaɗi za a yi masa, in aka sake kama shi sai a tura shi gidan aikin dole, kamar wanda ke Svartsjö kusa da Sitokhom, ya yi watanni ko fiye. Watau mutum yana iya shiga ɗauri bai ɗauki kayan kowa ba, laifinsa kawai rashin kuɗi da rashin ubangida. Mai irin wannan hali in aka gan shi da yaron da ya gudo daga gidan marayu, ai ya ƙara wa kansa tuhuma.

Haka suka kama hanya cikin bazarar ƙasar, lokacin da rana kan daɗe ba ta faɗi ba. Oskar yana da wani abin kiɗa da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri, ana ce masa akodiyon. In sun shiga gari ya yi kiɗa da waƙa a jefa musu 'yan kwabbai, in sun isa gona ya faskara itace a ba su abinci. Ba ya sata, ba ya kuma ƙasƙantar da kansa gaban kowa. A wannan tafiya Rasmus ya koyi karatun ƙofofi: akwai gidan da ake kora tun daga nesa, akwai wanda ake bayarwa ana harara, akwai kuma matalauciyar da za ta raba ɗan abin da ke gare ta. Ya soma gane abin da ake nufi da cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Duk da haka bai bar burinsa ba, duk babban gidan da suka wuce sai ya tsaya yana kallo, yana tunanin ko a nan ne rabonsa yake.

Fasali na biyar: Ɓarayi masu kyan tufafi

Ana nan sai aka yi fashin kuɗin albashin ma'aikatan wata masana'anta. Babban ɗan sandan gundumar bai yi dogon bincike ba, ya sa aka kamo Oskar aka yi masa tambayoyi, domin a wancan zamani in abu ya ɓace ɗan yawon duniya ake fara nema. Masu laifin kuwa mutum biyu ne, Lif da Liander, suna zaune a masaukin baƙi na garin cikin tufafin manya, ana gaishe su da girmamawa. Rasmus ya gan su da idonsa suna tsorata wata tsohuwa mai dukiya, Uwargida Hedberg, domin su ƙwace sarƙar wuyanta, da haɗin bakin baranyar gidan. Amma wa zai saurari shaidar yaron da ya gudo daga gidan marayu, da ta mutumin da ba shi da adireshi, a kan mutane masu taguwa da hular alfarma?

Wurin da ɓarayin suka ɓoye kuɗin ma yana da ma'ana: wani ƙauye ne a bakin teku wanda mutanensa suka kwashe gaba ɗaya suka tafi Minisota ta Amurka, suka bar gidaje a buɗe. Garin da talauci ya kore mutanensa shi ya zama taskar ɓarayi. A nan Oskar da Rasmus suka gano kuɗin, dukiyar da ba su taɓa ganin irinta ba. Ga su da yunwa, ga ba mai ganinsu, amma Oskar bai yi shawara da zuciyarsa sau biyu ba, nufinsa kawai kuɗin su koma hannun hukuma. Bayan wahala mai yawa, har da ɗaurin da aka yi wa Oskar bisa zalunci, asirin ɓarayin ya tonu, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan sashe na ƙissar ya maimaita darasin gidan marayu ta wata fuska: can an zaɓi ɗa da duban gashi, nan an zaɓi mai laifi da duban riga.

Fasali na shida: Wanda ake zaɓa ya zama mai zaɓe

Daga ƙarshe suka isa wata babbar gona, Stensätra, ta wani manomi mawadaci mai suna Nilsson. Shi da matarsa ba su da haihuwa, mutanen kirki ne, kuma yaro namiji suke so wanda zai gaji gonar. Suka ga Rasmus, suka ce sun yarda da shi yadda yake. Abin da ya bar gidan marayu dominsa ke nan ya samu cif: gado mai laushi, abinci har ya ture, dabbobi, da iyaye masu mutunci a gari. Oskar ya ga amanarsa ta isa inda ya kamata, ya yi sallama ya saɓa jakarsa. Yaron ya dubi bayan mutumin nan yana nisa bisa hanya, sai ya ji ba zai iya ba. Ya sheƙa a guje ya cim masa, ya ce shi yake so ya zama ubansa.

Da marubuciyar ta mai da Nilsson mugu, da zaɓen ya zo da sauƙi, da kuma ƙissar ba ta da wani nauyi. Amma ta sa alheri a ɓangarorin biyu, ta bar yaron ya auna. Abin da Nilsson ya miƙa masa na gobe ne, alkawari ne mai kyau. Abin da ke tsakaninsa da Oskar kuwa ya riga ya faru: sun raba gurasa guda, sun kwana cikin sanyi guda, kowannensu ya tsaya wa ɗan'uwansa ranar tsoro. Tun farkon majigin ana jera Rasmus ana dubawa, sai a nan karo na farko aka bar masa zaɓe, shi kuwa bai auna da ma'aunin da aka auna shi da shi ba.

Gidan Nilsson ma bai tashi a banza ba, domin Rasmus ya nuna musu abokinsa Gunnar, wanda ya daɗe da fid da rai, suka yarda su ɗauke shi. Shi kuma Oskar ashe yana da abin da ya ɓoye. Suka isa wata 'yar bukka, ya shiga kamar mai neman sadaka, sai ga shi gidansa ne, matar da ke ciki kuwa matarsa ce, Martina. Shi ma'aikacin gona ne wanda in ƙafarsa ta yi ƙaiƙayi sai ya bar gida ya shiga duniya, ya bar ta da wahalar gida ita kaɗai, ta kuwa nuna masa ɓacin ranta. Amma da ta dubi yaron, ta karɓe shi da miƙaƙƙen gashinsa.

Fasali na bakwai: Abin da majigin ya sassauta

Adalci ne a faɗi cewa ƙissar ta yi wa yawon duniya kwalliya. Bazara ta nuna, ba ta nuna hunturun da ke kashe mai kwana a waje ba, kuma yawancin masu yawon nan ba su da wata Martina da ke jiransu. Wanda ke son ɗaya gefen sai ya dubi rayuwar Harry Martinson. An haife shi a 1904 a lardin Blekinge, ubansa ya rasu a 1910, uwarsa ta tafi Amurka a shekarar da ta biyo, shi kuwa hukumar gunduma ta riƙa ba da shi riƙo daga wannan gona zuwa waccan ta hanyar gwanjon nan da aka ambata. Ya gudu ba sau ɗaya ba, ya yi aikin jirgin ruwa, ya kuma yi yawon hanya da kansa. Ya rubuta ƙuruciyarsa a littafin Nässlorna blomma na 1935, ya rubuta halin 'yan yawo a Vägen till Klockrike na 1948, inda ya nuna mai sana'ar hannu da injin ya raba da abincinsa. Wannan yaron gwanjo shi ne aka ba lambar Nobel ta adabi a 1974, tare da Eyvind Johnson.

Dokokin da suka ƙuntata wa irin su Rasmus da Oskar sun faɗi ɗaya bayan ɗaya. Gwanjon marayu ya ƙare a 1918, ƙuri'ar da ake aunawa da dukiya ta bi bayansa, mata suka yi zaɓen majalisar ƙasa karo na farko a 1921. Tsarin statare ya ƙare a 1945, dokar hana yawon banza ta 1885 ta daina aiki a tsakiyar shekarun 1960. Bulalar da ta kori Rasmus ma an yi magana a kanta: a 1978 Astrid Lindgren ta yi jawabi a birnin Farankfot na Jamus tana sukar dukan yara, a 1979 kuwa Suwidin ta zama ƙasa ta farko da ta hana shi da doka, shekara biyu kafin fitowar majigin na biyu.

Tun 2015 hoton wannan mata yana bisa takardar kuɗi ta krona 20, watau daidai da kwabon Rasmus ɗari huɗu. Ƙasar ta yi arziki, gidajen marayu irin na Västerhaga sun zama tarihi, amma har yanzu iyaye suna zaunar da 'ya'yansu su kalli yaron nan yana gudu bisa hanya yana bin mai tsummokara, ya bar gonar Stensätra a bayansa. Duk mai riƙon ɗan wani, da duk wanda ake kawo wa shaidar talaka a kan mai hali, yana da abin da zai ɗauka a ciki.

Tamat.